Ruwan da Baba Ya Daina Sha

Aikina gyaran lif ne, kuma surukina bai yarda da lif ba. Ranar da ya sauka wurinmu a ƙasar da nake zaman aiki, ya tsaya a bakin lif ɗin gidan da muke haya, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota, amma bai taɓa shiga abin hawan da ba shi da direba ba, kuma ba da tsufansa zai fara ba. A hawa na huɗu muke. Da ƙafa yake hawa, da ƙafa yake sauka, yana tsayawa a kowane hawa wai yana duba ingancin ginin, alhali numfashi yake mayarwa. Ni kuwa ya laƙaba mini suna Mai Lif, ko 'yarsa yake wa magana sai ya ce, "Uwata, Mai Lif ya dawo?" Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta haka.

A matakalar nan ya faɗi. Wata safiya ce da aka goge ƙasa ba ta bushe ba, ƙafa ta kwashe shi, ƙashin ƙugunsa ya karye.

A nan dole in yi wa matata adalci. Tun kafin Baba ya taso ta dage sai an yi masa inshorar lafiya ta matafiya, irin wadda in mutum ya kwanta ciwo a ƙasar waje kamfani zai ɗauki nauyin jinyarsa har ya mayar da shi gida. Ni na yi ta mita, na ce mutumin da ko ciwon kai ba ya yi, me zai yi da inshora. Ta ƙyale ni na gama surutuna ta je ta yi. Ranar da aka shiga da Baba ɗakin tiyata ba tare da wani ya tare mu a ƙofa ya ce mu ajiye wani abu tukuna ba, ta juyo ta dube ni sau ɗaya. 

Aiki ya yi kyau, aka sallame shi, ma'aikatan asibiti suka hauro da shi ta matakala a ɗauke, ya dawo gida jinya. Kamfanin ya ce da zarar ya ɗan yi ƙwari za su turo ma'aikacin jinya ya raka shi a jirgi har ƙofar gidansa. Baba kuwa gida kawai yake so. Kullum in sun yi waya da Inna, surukata, sai ya ce mata ya kusa, ta daina damuwa, sannan ya ajiye wayar ya zuba wa taga ido.

Jinyar ta faɗo a kaina, don matata ba za ta iya ɗaga shi ba, kuma ko za ta iya ba zai yarda ba. Ni ke kama shi in tayar da shi, in kai shi banɗaki, in zaunar da shi, in fita in ja ƙofa in tsaya, in ya buga sanda in koma in ɗago shi. Duk lokacin da muke wannan hidima fuskarsa na kallon bango. Abin da kawai yake cewa shi ne, "Allah ya yi albarka," a hankali, kamar ana cire masa haƙori. Da tafiya ta yi tafiya sai kiran ya ragu. Ya koma sau ɗaya da safe, wata rana ma sai ni zan leƙa in tambaya, ya ce babu komai, in je in huta. Muka ce jiki ne yake samun sauƙi, har muka yi murna.

Ana gobe tafiya mai rakiyar ya iso. Ni a raina wani matashin likita nake jira, mai farar riga da saurin magana. Sai na buɗe ƙofa na ga wani gajeren mutum mai jiki, kansa tal ba gashi, gemunsa ya fara fari, yana rataye da wata jar jaka da ta kusa kai shi tsawo. Ya cire takalminsa a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba. Harshen ƙasar muke yi da shi, Baba kuwa ko kalma ɗaya ba ya ji, don haka ni ne tafinta kamar yadda na saba tun ranar da ya faɗi.

Na miƙa masa takardun asibiti, ya karɓa ya ajiye a kan tebur bai buɗe ba. Ya jawo kujera ya zauna kusa da Baba, ya gaishe shi hannu biyu, ya tambaye ni ko akwai shayi a gidan. Na ce a raina, to, an turo mana mai kwaɗayi. Matata ta kawo kofi uku. Ya sha nasa a natse yana tambayar Baba irin motar da ya tuƙa, da hanyar da ta fi ba shi wahala, da yadda ake yi in taya ta fashe a daji. Baba ya saki jiki yana ba da labari ina juyawa. Muka shanye namu, na Baba yana nan har ya huce.

"Ba ya son shayi ne?" in ji mai rakiyar.

"Da yana sha," na ce. "Tun da ya dawo daga asibiti ya rage."

Ya kalli robar ruwan da ke gefen gado, cike take. Ya kama bayan hannun Baba ya ɗan tsinci fatar ya saki, fatar ta tsaya a tattare kamar ba ta da niyyar komawa. Ya sa Baba ya fito da harshe. Ya auna jininsa yana kwance, ya sake aunawa yana zaune, ya mammatsa masa ɗambubu a hankali yana kallon fuskarsa. Sannan ya tambaye ni sau nawa Baba yake zagawa a rana. Na gaya masa, har da ɗan alfahari.

"Ka tambaye shi ko yana jin jiri."

Na tambaya. Baba ya ce, "Lafiya lau nake. Ka gaya wa Mai Jar Jaka gobe da sassafe a shirye nake."

Mai Jar Jaka, sunan da ya bi shi ke nan har ya bar gidan, ya ɗago ya dube mu. Sai ya ce yana roƙon ni da matata mu ɗan ba su wuri. Ya ce kamfaninsu yana da masu tafinta ta waya, zai kira ɗaya.

Raina ya ɓaci sosai. Ni da na kwana na tashi a asibitin nan ina juya maganar likitoci, ni da na san sunan kowace ƙwaya da Baba yake sha, yau wani zai shigo gidana ya sha shayina sannan ya kore ni daga ɗaki. Na fita dai, don ba na son yin hayaniya a gaban Baba. Muka tsaya a kicin, ina jin muryar wani baƙo tana fitowa daga waya da Hausa, muryar dattijo, sai kuma ta Baba ƙasa-ƙasa. Da fari gajerun amsoshi yake bayarwa. Can sai ya yi wata doguwar magana da ban ji ko kalma ɗaya a cikinta ba, amma na san tun da ya zo gidan nan bai yi magana mai tsawon haka ba.

Mai Jar Jaka ya fito ya ja ƙofa, ya same mu a kicin.

"Gobe ba za mu tashi ba," ya ce.

Na ce masa wasa yake yi. Tikiti a hannu, na ɗauki hutu a wurin aiki, tsohuwa tana can tana jira, wa'adin inshorar ma ya kusa cika, likitan asibiti ya rubuta cewa zai iya shiga jirgi. Ya bar ni na zazzage duka, hannunsa a aljihu.

"Likitan ya gan shi ranar da ya sallame shi, ni yau na gan shi," in ji shi. "Jikinsa babu ruwa. Mutumin da aka yi wa aiki a ƙugu, jininsa ya yi kauri, a ce ya zauna wuri ɗaya tun safe har dare, jinin zai iya dunƙulewa a ƙafa ya haura huhu. In hakan ta faru a sama, ni kaɗai ne a gefensa da wannan jakar. Na taɓa gani, ba na son in sake gani."

Matata ta juya ta kalli ƙofar ɗakin Baba. Ni kuma na ce, "To me ya hana shi shan ruwa? Me ya gaya maka?"

"Abin da ya gaya mini nasa ne."

"Mahaifin matata ne."

"Na sani. Shi ya sa ma."

Ya fita baranda ya kira likitan kamfaninsu. Ta gilas nake kallonsa, ɗan mutum gajere yana kai da kawowa, hannu ɗaya a kunne ɗaya yana sara iska. Na ji ana ja masa rai daga can, ana maganar tikiti da masauki da wani majinyacin da ke jiransa a wata ƙasa. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya, amma bai matsa daga inda ya tsaya ba. Abin da ya yi ta maimaitawa shi ne ciwon a cikin wa'adi ya same shi, don haka nauyinsa yana wuyansu har ya isa gida, kuma shi ba zai sa hannu a kan abin da idonsa bai yarda da shi ba. Da ya shigo ya ce sun amince, a ɗaga tafiyar. A ranar ya sa aka turo wata nas da ledar ƙarin ruwa, aka ɗibi jinin Baba a kai gwaji. Baba ya yini yana fushi da mu duka har magariba.

Washegari da hantsi ya dawo, ya tambaye ni, "Da hannu kake aiki, ko ba haka ba? Kana da injin huda bango?"

Na ce ina da shi. Ya ce in biyo shi. Muka shiga banɗakinmu, ya rufe ƙofa, ya zauna a kan masai da kayansa, ya miƙe ƙafar dama gaba kamar yadda Baba yake yi don kada ƙugun ya lanƙwashe. Ya yi ƙoƙarin tashi bai dafa komai ba, ya kasa. Ya miƙa hannu ya lalubi bango, babu abin kamawa, sai tayil mai santsi. Ya ciro fensir daga aljihu ya yi alama a inda hannunsa ya kai, ya rage tsawo kaɗan don Baba ya fi shi dogon hannu amma ba ya iya miƙewa sosai, ya sake yin wata alamar a kusa da ƙofa.

Ina tsaye ina kallonsa abin ya faɗo mini. Fuskar nan da ke kallon bango. Kiran da ya ragu. Na tuna ma wani labari da Baba ya taɓa ba mu yana dariya, cewa in direba yana son ya ci doguwar hanya ba tsayawa, sai ya rage shan ruwa tun ana gobe tafiya. Ashe dabarar da ya yi mana ke nan. Ya gwammace ƙishirwa ta cinye shi da mijin 'yarsa ya riƙa ɗaga shi daga kan masai.

Na zauna a bakin baho. Mai Jar Jaka bai kalle ni ba, ya ci gaba da awonsa.

"Ban gaya maka komai ba," ya ce.

"Ba ka gaya mini ba."

"Ƙarfen kamawa biyu muke so, masu kauri, da abin ƙara wa masai tudu. Ka ɗaure su yadda ko ni na rataya ba za su motsa ba."

Mai gidan da muke haya ya hana a buga ko ƙusa a bangonsa. Na ce in ya zo ya yi abin da zai yi.

Da matata ta gane, kuka ta sa, ta ce bari ta je ta yi wa Baba magana, ai ba baƙi ba ne mu, ai mijinta ɗansa ne. Mai Jar Jaka ya tare ta da lallashi. Ya ce, "'Yar'uwa, in kika yi masa maganar, ruwan zai sha, amma ba zai ƙara iya haɗa ido da mijinki ba. Ku bar shi da abinsa. Mu dai mu gyara bango."

Har yadda za a yi aikin Baba ba ya nan ya tsara. Bayan azahar ya ce majinyaci yana bukatar iska, ya ɗora Baba a keken marasa lafiya ya tura shi zuwa bakin lif. Na zuba ido in ga yadda za a kwashe. Baba ya kalli akwatin, ya kalli Mai Jar Jaka da ya shiga ya tsaya a gaban maɓallan ya gyara tsayuwa kamar mai shirin tayar da mota, sai ya ce, "To, yanzu dai akwai direba." Ƙofa ta rufe da su. Shekarun da na yi ina gyaran lif ban iya shigar da mutumin nan ba, wani ya zo daga sama ya shigar da shi ba tare da sun ji yaren juna ba.

Kafin su dawo na gama. Na huda, na sa noti masu tsawo, na ɗaure, na rataya da duk nauyina har ƙafata ta bar ƙasa. Na share garin tayil, na mayar da injin cikin akwati na tura ƙarƙashin gado, na zauna a falo na kunna talabijin kamar wanda ya yini a zaune.

Kwanakin da suka biyo baya su ne ba zan manta ba. Kullum da safe Mai Jar Jaka zai zo, su shige banɗaki shi da Baba su rufe ƙofa, ba tafinta, ba kowa. Daga falo muke jin motsinsu. Yana koya masa inda zai sa ƙafa mai lafiya, inda zai kama, yadda zai juya da ƙarfen dogarawa ba tare da ya murɗa ƙugu ba. Kalma biyu Baba ya koya masa, "tashi" da "sannu," shi kuma ya riƙa haɗa su yadda ya ga dama, sai mu ji ya ce, "Sannu tashi, tashi sannu," Baba ya fashe da dariya. In sun fito sai ya cika kofi biyu da ruwa, ya ajiye ɗaya a gaban Baba, ya riƙe ɗaya, ba zai kai nasa baki ba sai Baba ya ɗauka. Baba ya ce mini, "Mutumin nan taurin kai gare shi, da direba ne da ya yi suna." A bakin Baba babu yabon da ya wuce wannan.

Ranar da na fara jin ƙarar ƙarfen dogarawa a kan tayil, ƙwas, ƙwas, sannan ƙofar banɗaki ta rufu, kuma babu wanda ya kira ni, ina kicin ina wanke kofi. Na ci gaba da wanke kofin nan har sai da na ji ya koma ɗaki. Matata ta ce kofin ya fita tun ɗazu.

Gwajin jini na biyu ya yi kyau. Mai Jar Jaka ya sake tsintar fatar hannun Baba, ta koma nan take, ya ce yanzu zai sa hannu. Ya sa kamfani ya ba su kujerun da ke kusa da banɗakin jirgi, na Baba a bakin hanya, ya kawo wata doguwar safa mai matse ƙafa ya saka masa da kansa, ya yi masa allurar hana jini dunƙulewa. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ya ɗauki aikinsa da girma irin haka ba, kuma ba tare da ya nuna wa kowa yana yin wani abin kirki ba.

A filin jirgi, ana shirin tura shi ciki, Baba ya ɗago kai ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai yi ba tun da ya faɗi.

"Mai Lif, samo mini ruwa in sha kafin mu shiga."

Na ruga na sayo. Ya karɓa daga hannuna ya shanye rabi a gabana, ya rufe ya ɗora a cinya. Mai Jar Jaka ya miƙo mini hannu muka yi sallama, na fara jero masa godiya, ya katse ni ya ce lokaci yana tafiya, ya gyara jakarsa a kafaɗa ya tura keken.

Ba mu sake ganinsa ba. Inna ta ce har cikin ɗaki ya kai Baba, ya duba banɗakinsu, ya yi wa ƙanin matata alama a bango da fensir, ya sha ruwa kofi ɗaya, ya juya filin jirgi don akwai wanda ke jiransa. Sun yi sun yi ya kwana, ya ƙi.

Bayan 'yan makonni Inna ta kira, matata ta sa wayar a fili muna ji tare. Ta ce jiki alhamdu lillahi, har ya fara fita ƙofar gida da sanda. Sai dai ya ishe su da ƙorafi a kan ƙarfen da aka kafa masa, wai wanda ya yi aikin bai iya ba, in ya kama sai ya ji yana rawa. Sun ce a kira wani ya gyara, ya ce a'a.

Sai muka ji muryarsa daga nesa, yana yi wa Inna magana kamar bai san muna ji ba.

"Ki ce wa Uwata, in Mai Lif zai zo hutu, ya taho da injin nan nasa da ke ƙarƙashin gado."